Kwana Tara a Bayan Kunkuru

Da sunan Wanda ya shimfiɗa rairayi bai auna shi da mudu ba, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinsa bai shawarci mahaƙi ba, ya sanar da ƙwaro hanya ya bar ɗan Adam da tambaya. Bayan haka, ni ne Anaruwa ɗan Nomau, mahaƙin rijiya na Tungar Marke, can bayan duwatsun Gargazau, ƙasar da akan shekara uku ba a ga hadari ba. Ba wanda ya koya mini haƙa. Na ɗauki dagi ina ɗan shekara goma sha biyu, ƙasa ce ta yi mini malanta, sau biyu tana rufto mini a ka. Yanzu gwiwoyina sun mutu, bayana ya lanƙwashe, bakina kaɗai ya rage da ƙarfi. Don haka a zaune zan ba ku labarin nan, wanda ya gaji ya jingina.

Shekarar da babbar rijiyarmu ta fara kawo laka maimakon ruwa, rijiya goma sha bakwai na haƙa. Goma sha bakwai! Kowace sai na kai ta gaba ashirin, amma ko danshin da zai jiƙa bakin tsuntsu ban samu ba. Har yara suka fara gaishe ni da "Sannu da aikin ramuka." Mai gari Barmo ya tara jama'a ya ce, in wata huɗu suka cika ba ruwa, kowa ya ɗaure kayansa a bi kudu. Kowa ya ce to, ban da mahaifiyata, Inna Hakama, wadda ko bakin zaure ba ta kaiwa sai da sanda.

Ta ce, "Ku gaida kudu. Nomau na kwance a gindin marken can, ni ma nan zan kwanta."

Na san Inna. In ta faɗi magana, raƙumi goma ba su janye ta. In ban samo ruwa ba, garin zai tashi, ita ta zauna, ƙishirwa ta kashe ta a kan tabarmarta.

Ranar da na fito daga rijiya ta goma sha bakwai, na shigo gida maƙogwarona kamar an zuba toka, sai na tarar da ita a bayan ɗaki ta durƙusa tana tsiyaya ruwa a cikin wani kasko. Kurciyoyi biyu na jira a kan danga, ga sawun bushiya ko'ina. Raina ya ɓaci, idona ya rufe.

Na ce, "Inna! Mutane na rabon ruwa da ludayi, ke kina shayar da ɓeraye?"

Ta ce, "Bushiya ce."

"Ko sarauniyar bushiyoyi ce!"

Na ɗaga dagi na sauke a kan kaskon, ya tarwatse, ƙasa ta shanye ruwan nan take. Inna ta dube ni, ta dubi wurin. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta shiga tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "In ka gama, tuwonka na rufe a ɗaki."

A makon nan wani bafatake mai gishiri, Sodangi, ya yada zango a garinmu. Shi ya ba ni labarin Jar Ƙofa, wani gari a tsakiyar Hamadar Zangarma, inda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa kamar garken shanu, rijiya ba ta wuce shekara uku take mutuwa, amma mutanen ba su taɓa haƙa ramin banza ba. Na ce wane irin ilimi ne? Ya ce shi gishiri yake sayarwa, in je in tambayi wata tsohuwa, Tabawa. Washegari na ɗauki dagina, da salka, da malfa, na yi wa Inna sallama. Ta ce, "Ka sassauta bakinka a garin mutane." Na ce to. Ban sassauta ba.

Na yi kwana ashirin da biyu ina taka rairayi kafin na iso Kwarin Kunamu. Kunamun wurin kowace ta kai akushi, ba su da ido, amma suna jin sanyin inuwa kamar yadda kuke jin ƙamshin miya. Ina zaune a kan wani dutse da hantsi na ga barewa ta shigo kwarin, inuwarta na binta doguwa. Kafin ta yi tsalle uku rairayin ya tafasa, suka rufe inuwar, suka hau mai inuwar. Ban ƙarasa kallo ba. Na zauna na yi tunani, abin da ba na yawan yi. Na jira har rana ta tsaya tsaka, inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata, na sauka na sheƙa a guje zuwa dutse na gaba. Haka na riƙa yi kwana uku, gudu kaɗan da tsakar rana, sauran yinin in gasu a kan dutse kamar tsire. A rana ta ƙarshe lissafina ya kuskure, rana ta karkata ina tsakiyar fili. Na ji ƙasa na motsi. Na cire malfata na kafa ta a kan wani kara, ta yi inuwa mai faɗi, duk suka yi kanta. Ina jin su suna ɓarzar ta, ni kuwa ƙafa ta cece ni.

Rashin malfar nan shi ya jawo mini bala'i na gaba. Ni mai sanƙo ne tun ina saurayi. Bayan kwarin akwai Filin Jiminai, jiminai masu ƙafafu kamar giginya, kuma duk abin da ke ƙyalli sai sun cafe shi. Kaina kuwa ya sha gumi yana walƙiya kamar sabuwar tasa. Wata ta hango ni tun daga nesa, ta taho tana girgiza ƙasa. Na duba gabas, na duba yamma, ba dutse ba itace, sai ɓawon ƙwai rabi da aka ƙyanƙyashe, girmansa ya kai rufin rumbu. Na shige ƙarƙashinsa na kifa shi a kaina. Ta zo ta zagaya, ta ƙwanƙwasa da baki sau biyu, har haƙorana suka kaɗa, ta ga kayan gidansu ne, ta tafi. Ban sake rabuwa da ɓawon nan ba. Na huda shi wurin ido, na ɗauke shi a kafaɗa kwana goma sha ɗaya, a haka na shiga Jar Ƙofa.

Wata tsohuwa 'yar firit na zaune a ƙofar gida, gabanta wata kwatarniya binne a ƙasa har baki, kewaye da jar laka. Ta dube ni ta ce, "Yau kuma kunkuru mai ƙafa biyu muka samu. Matso ka sha, ba a hana kowa."

Na ajiye ɓawon na ce, "Iya, ni mutum ne, kuma mahaƙi. Tabawa nake nema."

"Ka same ta. Mahaƙi daga ina?"

Na faɗa mata komai, har da Inna da wata huɗun Barmo, ban da zancen kasko. Ta ce in sauka a gidanta.

Wannan gida, Allah kada ya maimaita mini. Da safe na zura ƙafa a takalmi, ta daka mini tsawa, "Kakkaɓe!" Na kakkaɓe, gizo-gizo ya faɗo mai girman tafin hannu. Na je ɗiban ruwa a randa, ga macijiya kasa ta naɗe a gindinta. Na ɗaga dagi, Tabawa ta ce, "Sauke. Ta riga ka zuwa gidan nan." Damo na shan rana a kan katanga, ya cinye mini guzurin ƙuli-ƙuli yana kallona ido cikin ido. Yanyawa da manyan kunnuwanta na shiga zaure ba sallama. Dila, beguwa, kurege, hasbiya, kowa da lokacin zuwansa bakin kwatarniya, kowa ya taka jar lakar nan ya sha ya wuce. Tabawa ba ta kiran su dabbobi, baƙi take ce musu. Mafi tsufa a cikinsu wani kunkuru ne mai tsagaggen baya, wanda take kira Alhaji, don ta ce tafiyarsa ta mai natsuwa ce.

Na ce, "Iya, ilimin nake so."

Ta ce, "Ɗauki tulu ka cika kwatarniya. Ka jiƙa lakar, kada ta bushe."

Washegari na sake tambaya. Ta ce, "Cika kwatarniya." Jibi haka. Kwana ashirin ina ɗaukar tulu ina yi wa ƙadangaru hidima, kwanakin Inna na tsiyayewa. Rijiyar garin kuwa ta kusa mutuwa, guga sai ya kwanta a gefe kafin ya ɗebo rabi. Da idona na ga Tabawa ta rage abin da take sha don kada kwatarniya ta ragu. Ku da ba ku taɓa shiga rami gaba ashirin kuna neman ɗigo ɗaya ba, ba za ku san yadda wannan ke ci wa mahaƙi rai ba.

Sai aka yi rasuwa a ɗaya gefen garin, ta tafi zaman makoki na kwana uku. Na ce yau zan yi wa tsohuwar nan gata. Na kwashe ruwan kwatarniya na mayar mata a randa, na rufe bakin da faifai na ɗora dutse. Na kankare jar lakar nan da ke ɓata ƙofa, na share, na zuba farin rairayi mai tsabta. Baƙin suka zo, suka shinshina, suka zagaya, suka juya. A kwana na biyu ko kurciya ba ta sauka ba. Gida ya yi shiru, na saka takalmi ba kakkaɓewa, na ji daɗi.

Tabawa ta dawo ta tsaya a ƙofa. Ta daɗe tana kallon farin rairayin.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Iya. Ruwanki na randa, ko ɗigo bai..."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

Ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce, "Kai ɗan nan, uwarka ta sha wahala. Saura kwana bakwai ranar kifewa."

"Kife me?"

"Kwatarniya! Kana tsammani don kyansu nake shayar da su? Shekara uku suna sha a nan, har su saba, har su manta da tsoronmu. Amma kowane cikinsu ya san wani wurin da ruwa ya matso kusa da fuskar ƙasa, don su ba sa mantawa da wannan. Ranar da rijiya ta mutu, sai mu kwaɓa lakar ta yi kauri, mu kife kwatarniya. Su zo su taka, su ga ba ruwa, su nufi can da jan sawu. Mu bi su da dagi. Yanzu ka sallame su da ƙafa fara, iska ta share sawun tun jiya. Ilimin da kake ta yi mini ihu a kai ke nan. Ka share shi da tsintsiya."

Da ƙyar na ce, "To me ya hana ki faɗa mini?"

"Wanda aka faɗa wa tun farko ba ya cika kwatarniya, kifewa kawai yake jira. Su kuma suna ganewa."

Ta miƙe ta kare ido da hannu tana duban hamada. Can ta nuna wani baƙin ɗigo a kan tudu, bai fi jifa uku daga gari ba. Ta ce, "Alhaji ne. Kwana biyu, nan ya kai. Shi kaɗai ya rage mana. Ɗauki daginka ka bi shi. Kada ka ɗauke shi, kada ka tura shi, kada ka shiga gabansa."

Na tsere wa kunamu, na tsere wa jimina, amma ban san wahala ba sai da na bi kunkuru. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya tsaya kamar mai tuna inda ya ajiye ta, ya sauke. Ya ci ɗan busasshen haki. Ya yi hamma. Rana ta yi zafi ya shige ƙarƙashin ƙaya ya kwanta har la'asar, ni ina tsugune da ɓawon ƙwai a kaina. Na roƙe shi. Na yi masa kirari. Na zage shi, na zagi kakansa, na zagi wanda ya tsaga masa baya don bai ƙarasa aikin ba. Ko gezau.

A kwana na uku haƙurina ya ƙare. Na ga dai gabas ya dosa, na ce me zai hana in rage masa hanya? Na sungume shi na yi tafiya mai ɗan nisa da shi a hammata, na ajiye. Ya janye kai da ƙafafu, ya zama dutse. Yini guda cur bai motsa ba. Da ya ga dama ya fito, sai ya juya ya kama hanyar baya. Kwana biyu muka yi muna komawa, har daidai gurbin da na ɗauke shi. Ya tsaya a wurin, ya shinshina ƙasa, ya karkata arewa. Ashe taku goma ya rage ya sauya hanya lokacin da na ɗauke shi. Na zauna a rairayi na yi kuka, ni Anaruwa, da gemuna.

Daga nan ban ƙara ce masa uffan ba. In ya tsaya in tsaya. Salkata ta koma kamar tsohon takalmi, ina jiƙa harshe sau biyu a yini. Da na daina surutu sai na fara ganin abin da ban gani ba: sawun yanyawa ya shigo hanyarmu daga dama, na beguwa daga hagu, kurciyoyi na wucewa ta kanmu duk gefe guda. A kwana na tara da hantsi muka iso gindin wani baƙin dutse, wurin da ni da kaina ko an biya ni ba zan sa dagi ba. Ga su nan duka, baƙin Tabawa, har da damon da ya ci mini ƙuli-ƙuli, kowa ya tona ɗan rami yana lasar danshi. Alhaji ya ratsa su ya sa baki. Na jira ya gama. Sannan na matsa gefe na kafa dagi. Gaba biyu, ruwa ya ɓullo mini tsakanin yatsun ƙafa.

Mutanen Jar Ƙofa suka yi murna, ni ban yi ba. Tabawa ta cika mini jaka da jar ƙasa, ta nuna mini hanyar da ke zagaye jiminai da kunamu, mai tsawo amma lafiya. Na ce, "Iya, me zan yi da ita? Ilimin nan shekara uku yake so. Ni kwana talatin suka rage mini, kuma a garinmu ba mai shayar da ko..." Ta ce, "Ko me?" Na ce ba komai. Duk tsawon hanya ƙarar dagina a kan kaskon nan nake ji.

Na iso Tungar Marke na makara da kwana goma sha ɗaya. Ba hayaƙi, ba kukan akuya, ƙofofi a buɗe. Na tsaya a bakin zaurenmu ƙafata ta ƙi shiga. Na yi sallama da muryar da ni ma ban gane ba.

Daga ciki aka ce, "Wa alaikumus salam. Ina malfarka?"

Tana zaune a kan tabarma, ta rame ta zama kamar kara. Barmo ya bar mata randa uku kafin su tashi, biyu sun ƙare, ta ukun saura kamu ɗaya a gindi. Na durƙusa na gaishe ta, na kasa haɗa ido da ita. Na zagaya bayan ɗaki don kada ta ga fuskata. A nan na gan shi: babban ɓallin kaskon da na fasa, an tokare shi da duwatsu biyu, da ɗan ruwa a ciki. Kewaye da shi sawu ne birjik, na bushiya, na kurege, na tsuntsaye, har da na yanyawa.

Na dawo a guje. "Inna, tun yaushe kike zuba musu?"

Ta ɗaure fuska. "Za ka fara ko? Daga rabona nake ba su."

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun kafin a yaye ka."

Na kwance jakar, na ɗebi ruwa ludayi huɗu daga abin da ya rage, na kwaɓa jar ƙasa na shafe kewayen kaskon. Ta biyo ni da sanda tana kallo. Da na kai hannu ga kaskon ta riƙe mini riga.

"Sake fasawa za ka yi?"

"Kifewa zan yi, Inna. Kwana ɗaya tak. Ki yarda da ni."

Ta dube ni, sannan ta saki rigar.

Gari na wayewa na fita. Jan sawun bushiya, ƙanana kamar an ɗiga lalle, ya fita ta ƙarƙashin danga, ya wuce marken da Baba ke kwance, ya bi tsakanin ramukana. Na bi shi a hankali, ban shiga gabansa ba. Ya wuce rijiya ta tara, bai kai ta goma ba, ya shige ƙarƙashin wani faffaɗan dutse. Na san dutsen. A kansa nake zama in ci ɗumame duk lokacin da nake haƙa waɗancan biyun. Na ture shi da dagi. Ƙasan baƙi ne, da sanyi. Gaba uku na haƙa, kafin la'asar ina tsaye cikin ruwa har gwiwa.

Na aika wa Barmo ta bakin fatake. Wasu sun dawo, wasu kudu ta riƙe su, ban ga laifinsu ba. Amma wannan daga baya ne. A ranar dai, tulu na cika na kawo wa Inna, na zuba mata a ƙwarya. Ta yi bisimilla ta sha, ta huta, ta ƙara sha. Na tsaya ina jiran abin da za ta ce wa ɗanta da ya ratsa Zangarma ya dawo.

Ta goge baki da gefen zane ta ce, "Ka tayar musu da kaskon? Tun jiya suke da ƙishi saboda kai."

Na ɗauki tulun na zagaya bayan ɗaki.

Inna ta yi shekara shida bayan wannan, tana kwance yanzu a gindin marke inda ta ce. Ɓallin kaskon na nan, ban sake shi da sabo ba. Iyakar abin da na gani ke nan, abin da na manta Allah ya sani. Yanzu wani ya kama hannuna in tashi, rana ta yi sanyi, kuma bushiyar nan ba ta son jira.